Waya Ba Ta Jin Kukan Inji

A lungunan Nima da Maamobi yanzu, duk saurayin da ya mallaki Boxer da sifana ya zama bakanike. Zai kalli bidiyon minti biyar a YouTube, ya tsuguna a ƙofar gida, ya murɗa sukurun kabireta, wai don babur ya rage shan mai. Abin da bidiyon bai faɗa masa ba shi ne, idan iska ta rinjayi fetur, zafi inji yake ɗauka: fulogi ya yi fari fat, bawul ya ƙone, wata rana fistin ya huje. Sidin da ya yi rowarsa a gidan mai, ninkinsa zai kai wa masu sayar da kayan gyara a Abossey Okai.

Ban hana kowa taɓa abin hawansa ba. Canjin baƙin mai, ɗaure sarƙa, wanke fulogi, duk na mai babur ne, abin kunya ne ma a biya kuɗi a kansu. Amma saitin inji aikin kunne ne. Maigidan da ya shekara da shekaru yana yaron gareji, yana wankin ƙarafa kafin a yarda ya riƙe sukudireba, daga kukan babur yake gane ciwonsa. Akwai maha'inta cikin makanikai, na sani. Sai a nemi na kirki, ba su ƙare ba.

Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu huda salansa gabanin Sallah, su tsananta wa inji neman gudu, birki kuwa yana nan yadda kamfani ya bar shi. Sannan su hau babban titin Nima ba hular kwano, daidai lokacin da yara ke tsallakawa da sababbin tufafi, za su gaida kakanni.