Da wane baki ake ba da labarinmu?

Ƴan'uwa ɗalibai, a watan Afrilu ƴan jarida da masu ba da labari kan taru a birnin Perujiya na Italiya, su tattauna ƙaura da canjin yanayi da Ingilishi da Italiyanci. Wai shiga kyauta ce. To biza fa? Kuɗin jirgi fa?

Direban Agadas da dokar 2015 ta hana ma ɗaukar baƙin haure, har aka soke ta a 2023, wa ya miƙa masa makirufo? Ana zancensa, ba a zance da shi.

Ko nan kusa, a bikin FILEP na Wagadugu, Faransanci ke sarauta. Wallahi ban raina Cibiyar Norbert Zongo mai shirya shi ba, don Zongo ransa ya bayar a 1998. Amma wanda ya zaɓi harshen muhawara, ai ya riga ya zaɓi masu magana.

Mu daina jiran gayyata. Rumfa, tabarmi da shayi sun ishe mu a Maraɗi ko Damagaram. Direba da manomi su yi magana da bakinsu, ɗan jarida ya nemo tafinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.