Parma: Dajin Mutanen Komi-Permiyak

 Yau filin namu zai leƙa Rasha, amma ba Mosko ba. Ku ɗauko taswira ku nemi tsaunukan Ural, sai ku matso yamma kaɗan zuwa jihar Perm. A arewa maso yammacinta mutanen Komi-Permiyak suke, babban garinsu Kudimkar, kusan kilomita 200 daga birnin Perm.

Daji ya rufe yawancin ƙasarsu, a harshensu suna ce masa "parma". Dogayen itatuwa ne masu ganye kamar allura, ga fadamu, ga rafuka masu zuba cikin kogin Kama. Masu yawon buɗe ido kan je kamun kifi da tsintar 'ya'yan itacen daji. A je a watan Yuni ko Yuli. Sanyinsu kuwa, hunturunmu wasan yara ne.

A Kudimkar baƙo zai ga mutum-mutumin Kudim-Osh, jarumin da tatsuniya ta ce shi ya kafa garin. "Kar" dai gari ke nan. Akwai gidan tarihin da mai zane Subbotin-Permiyak ya kafa a 1921. Sai abinci: pelmeni, ƙullun fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama a dafa a ruwa. Duk Rasha ana cinsa, amma sunan daga "pelnyan" ya fito, wato gurasa mai siffar kunne a harshen Komi.

To, ga abin da ya fi damuna. Ƙidayar 2002 ta sami 'yan Komi-Permiyak kimanin 125,000, ta 2010 kuwa kimanin 94,000. A 2005 aka haɗe yankinsu mai cin gashin kai da Perm. Matasa na tafiya birni neman aiki, harshen Rashanci na cinye nasu. Baƙo mai sayen ɗamarar saƙar hannu ko ƙwaryar ɓawon itace yana ba ɗan ƙauye dalilin zama gida, wannan gaskiya ne. Amma rawar da aka shirya don motar baƙi ba ta koya wa yaro harshen kakarsa. Shi ya sa a ganina wurin da ya fi cancantar ziyara shi ne gidan wasan kwaikwayo na Kudimkar, inda har yanzu ake yin wasu wasannin da harshen Komi-Permiyak.