Matacce ba ya kai ƙara, amma jikokinsa suna da rai

A 1888 aka yi wa mata biyar kisan gilla a unguwar Whitechapel da kewayenta a Landan. Har yau ba a san wanda ya aikata ba, sai laƙabin da ya bi shi, Jack the Ripper. Rashin sanin nan ya zama kasuwa. Duk bayan ƴan shekaru sai wani marubuci ya fito da littafi, ya ce ya gano mutumin. An ambaci Sir William Gull, likitan Sarauniya Victoria. An ambaci jikanta, Yarima Albert Victor. A 2002 marubuciya Patricia Cornwell ta ɗora laifin a kan mai zane Walter Sickert, wanda ya rasu tun 1942.

Me ya sa marubutan suke da wannan ƙarfin hali? Saboda a dokar Ingila ba a ɓata wa matacce suna. Ran da aka binne mutum, ran nan aka binne haƙƙinsa na kai ƙara, kuma magada ba sa gadonsa kamar yadda suke gadon gida ko gona.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Aaron Kosminski, wani Bayahude mai aski ɗan asalin Poland, da ya mutu a asibitin masu taɓin hankali a 1919. A 2014 wani ɗan kasuwa, Russell Edwards, ya ce ya kashe bakin zancen. Hujjarsa wani tsohon mayafi ne da ya saya a gwanjo, wai an tsince shi kusa da gawar Catherine Eddowes, ɗaya daga cikin matan da aka kashe. Aka gwada tabon da ke jiki da ƙwayoyin halittar wata daga zuriyar ƴar'uwar Kosminski. Masana suka ce a yi hattara: mayafin ba ya cikin kayan da ƴan sanda suka rubuta a lokacin, ya bi hannuwa da yawa cikin shekara fiye da ɗari, kuma irin wannan gwaji kan dace da ɗimbin mutane. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mutumin da ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali kan kisan ba ya zama makashi a kanun jaridu, danginsa kuwa sai dai su haɗiye.

Ƴaƴan tsohon Firaministan Birtaniya Gladstone sun taɓa samo dabara. Wani Kyaftin Peter Wright ya zargi mahaifinsu da neman mata, shekaru bayan rasuwarsa. Da suka ga ba su da ƙofar kotu, sai suka kira shi maƙaryaci kuma matsoraci a rubuce, don shi ya kai su ƙara. Ya kuwa kai, ya sha kaye a 1927. Sai dai wannan wasa ne na masu kuɗin lauya.

To, a yi dokar kare matattu ke nan? Nan nake ja da baya. A 2009 jikan Stalin ya maka jaridar Novaya Gazeta a kotun Mosko kan abin da ta rubuta game da kakansa da kisan kiyashin da aka yi a Katyn. Bai yi nasara ba, kuma gara da bai yi ba. Dokar da za ta kare mai askin Whitechapel ita ce za ta rufe bakin masu tono ta'asar azzalumai. Mu a nan dokar Final Kod ta Arewacin Najeriya ta bi wata hanya: ɓata sunan mamaci na iya zama laifi idan an yi shi da niyyar ƙona ran iyalinsa. Niyya ita ce ma'aunin, kuma na fi yarda da wannan.

Inda ba ni da sassauci shi ne kan rayayyu. A tuhumi wanda ya mutu da hujja, wannan aikin tarihi ne. Amma da zarar an juya kan jikansa, ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko ana cewa dangin sun san gaskiya suna ɓoyewa, an bar tarihi an shiga ƙazafi, kuma ko a Ingila mai rai yana da damar kai ƙara.

Mai karatu, in aka turo maka irin wannan labari a WhatsApp da hoton wani da sunan gidansu, ka tambayi hujja kafin ka tura gaba.