Disneyland ko Parc Astérix: ina ya kamata mai iyali ya nufa?

A kewayen birnin Paris na ƙasar Faransa akwai manyan filayen shaƙatawa guda biyu waɗanda suka share fiye da shekara 30 suna kishi da juna. Ɗaya yana gabas, a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 daga birnin: shi ne Disneyland Paris, mallakar kamfanin Walt Disney na Amurka. Ɗayan yana arewa, a ƙauyen Plailly cikin jihar Oise, kimanin kilomita 35, gefen babbar hanyar mota: shi ne Parc Astérix, wanda Faransawa suka gina da kansu. Duk shekara, in an rufe makarantu, magidanta da yawa sukan zauna da alƙalami da takarda suna lissafin inda za su kai yara. Mafi yawansu, in an bar su da son zuciya, wajen mai babban suna za su nufa. Amma ga magidancin da ya tara kuɗin hutunsa da gumin goshi, kuma kwana ɗaya ko biyu kaɗai gare shi, ƙaramin filin ya fi babban riba, kuma ga dalilai.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Irin wannan fili gari ne sukutum wanda aka gina domin wasa kaɗai, aka kewaye shi da shinge. Ana biyan kuɗi sau ɗaya a ƙofa, sa'an nan mutum ya wuni yana hawan lilo iri-iri, da kwale-kwale, da kallon wasannin kwaikwayo. Abin da ya fi jan samari shi ne jirgin lilo, wato ƴan taragu da ke gudu bisa dogon ƙarfe mai hawa da gangara, wani sa'i har ya juyar da mutum kai ƙasa ƙafa sama. Kusa da filin kuma akan gina otel-otel da gidajen abinci, domin baƙo ya kwana ya tashi ba tare da ya fita daga hannun mai wurin ba.

Parc Astérix shi ya riga zuwa. An buɗe shi ran 30 ga Afrilu 1989. Sunansa daga wani labarin zane ne wanda René Goscinny da Albert Uderzo suka ƙago a 1959: labarin wani ɗan ƙauye guda na kakannin Faransawa da ya ƙi miƙa wuya ga rundunar Rumawa, alhali duk sauran ƙasar an cinye ta da yaƙi. Shekara uku bayan haka sai labarin ya zama kamar gaskiya. Ran 12 ga Afrilu 1992 Amurkawa suka buɗe nasu filin, da sunan Euro Disney, bisa ƙasa mai faɗin kusan hekta 2,000, da otel-otel masu ɗaki fiye da 5,000. Gwamnatin Faransa ta shimfiɗa musu tabarma sosai: bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu ran 24 ga Maris 1987, zamanin da Jacques Chirac yake faraminista, an ba su gonaki da sauƙin farashi, an ba su rance, an kuma ja musu layin dogo har bakin ƙofa.

Mutane da yawa sun zaci ƙaramin zai mutu, kuma ba su yi wauta ba, domin wasu sun riga sun mutu tun kafin giwar ta iso. Filin Mirapolis, wanda aka buɗe kusa da Paris a 1987, ya rufe a 1991. Haka ma Zygofolis na birnin Nice. Baƙin Astérix sun ragu ƙwarai a 1992. Abin mamaki, giwar ce ta fara durƙushewa. A shekarar lissafi ta 1993 Euro Disney ya yi asarar faran na Faransa miliyar 5 da miliyan 300, wato miliyar 265 na CFA bisa canjin wancan lokaci. Masu wurin sun gina ɗakunan kwana fiye da kima, suna tsammanin Turawa za su yi irin ta Amurkawa, su tare kwana huɗu ko biyar suna kashe kuɗi. Turawa kuwa sai su zo da safe cikin jirgin ƙasa, da yamma su koma Paris. A 1994 sai da aka sake tsara basussukan, Yarima Al-Waleed bin Talal na Saudiyya ya zuba kuɗi ya sayi kaso, aka kuma sauya sunan zuwa Disneyland Paris. A 2017 uwar kamfanin ta Amurka ta saye sauran hannayen jarin, wurin ya koma hannunta gaba ɗaya.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai shirin hutu, domin yana nuna yadda aka ɗinka kowane wuri. Disneyland an ɗinka shi ne domin ya riƙe baƙo kwanaki. Tun 2002 filaye biyu ne a haɗe, kuma babu mai iya gama su a wuni ɗaya; wanda ya gwada, gajiya da tsayuwar layi za su zama rabonsa. Astérix kuwa an ɗinka shi daidai wuni guda, ko biyu in an natsu. Yana da otel uku, amma wanda bai kwana ba bai rasa wani abin kirki ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gindin zancen. Kuɗin shiga Disneyland ba tsayayye ba ne: yana hawa yana sauka bisa ranar da aka zaɓa, kuma a ranakun hutu da cunkoso tikitin babba guda yakan haura yuro 100. Yuro ɗaya tamma 655 ne da ƴan kai, ke nan yuro 100 ya zarce jika 65. Magidanci da uwargida da yara uku, kuɗin ƙofa kaɗai na wuni ɗaya zai doshi jika 300. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a Nijar a 2024 jika 42 ne. Wato wunin nan guda ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wajen wata bakwai, kafin a sha ruwa, kafin a ci abinci, kafin yaro ya kafe gaban kanti yana kukan a saya masa hular ɓera. Ba a nan aka tsaya ba. A da akwai takardar kyauta da ke rage wa mutum tsayuwa a layi. A 2021 aka soke ta, aka kawo Premier Access, wadda sai an biya. Ke nan bayan an biya kuɗin ƙofa, mai ƙarin kuɗi yana wuce wanda ba shi da shi, ɗan talaka yana tsaye yana kallo. Gaskiya ne Astérix ma yana sayar da irin wannan fifiko, kuma abin zargi ne a wurare biyun. Sai dai kuɗin ƙofarsa ya fi sauƙi, kuma tun da wuni ɗaya ya wadatar, babu kuɗin kwana na biyu da na uku. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Masu goyon bayan Disneyland suna da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a raina su. Babu wani filin shaƙatawa a duk nahiyar Turai da ya kai shi baƙi: wajen mutum miliyan 15 a shekara, alhali Astérix a 2023 bai cika miliyan 3 ba. A buɗe yake rani da damina, sanyi da zafi. Jirgin ƙasa na RER A yana sauke mutum a bakin ƙofa cikin kamar minti 40 daga tsakiyar Paris, kuma tun 1994 jirgi mai sauri na TGV yana tsayawa a can. Astérix ba shi da tashar jirgin ƙasa. Sai da mota, ko motar safa daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle. Wajen ado da tsabta da tsarin gini, da jerin gwano na rana da wasan wuta na dare, Amurkawa gwanaye ne, babu gardama. Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa ita ce ƙananan yara. Yarinya ƴar shekara biyar da ta san Mickey a talabijin, ranar da ta gan shi tsaye gabanta ba za ta manta da ita ba, kuma yawancin wasannin wurin ba su hana ƙaramin yaro hawa. Wanda duk yaransa ba su wuce shekara shida ko bakwai ba, kuma aljihunsa zai ɗauki kwana biyu ko uku ba tare da cin bashi ba, ya tafi Disneyland, ba a ce ya yi kuskure ba.

Amma yara ba su dawwama ƙanana. Da zarar sun kai shekara goma, abin da suke nema shi ne abin da zai kaɗa musu hanji, kuma a nan ƙaramin filin ya yi wa babban fintinkau. Tun ranar buɗewa yana da Goudurix, mai juya mutum sau bakwai. A 1997 ya ƙara Tonnerre de Zeus, wanda aka gina da katako. A 2012 OzIris, inda ƙafafun mahayi ke reto a iska. A 2023 Toutatis, mai tsawon mita 51 da gudun da ya kai kilomita 110 a awa. Da irin waɗannan ne ya farfaɗo bayan 1992: bai yi gasar girma da wanda ya fi shi ba, ya nemi abin da abokin kishinsa bai ƙware a kai ba ya riƙe. Uba dai ya auna tsawon yaransa kafin ya bar gida, domin yawancin manyan jiragen lilon nan ba a barin wanda bai kai mita 1 da santimita 30 ko 40 ba ya hau, kuma mai gadin ƙofa ba ya jin magiya.

Akwai kuma wani bambanci wanda ba ya shiga lissafin alƙalami. A tsakiyar Disneyland Paris an gina wata fada mai dogayen hasumiyoyi, ta gimbiyar da ta yi dogon barci. Tatsuniyar nan Bafaranshe Charles Perrault ne ya buga ta a littafi a 1697. Amurkawa suka ɗauke ta, suka yi mata silima, suka dawo da ita ƙasar Faransa, Faransawa suna biya suna kallo. Jirgin lilon Space Mountain ma, da aka buɗe a 1995, daga littafin Jules Verne aka samo fasalinsa na farko. Ba laifi ba ne, kasuwanci ne, kuma wurin yana ciyar da ma'aikata fiye da 15,000. Sai dai baƙon da ya ƙetare teku ko hamada domin ya ga Faransa, in ya ƙare hutunsa a can, titin wani ƙaramin garin Amurka ya gani, irin wanda kamfanin ya gina a Kalifoniya da Fulorida da Hong Kong. A Astérix kuwa zai ga yadda Faransawa ke yi wa kansu da kakanninsu ba'a, da son cinsu, da yawan gardamarsu, da taurin kansu. Wanda ba ya jin Faransanci rabin dariyar za ta wuce shi. Ɗan makarantar Nijar ba shi da wannan matsala.

Wannan batu ya shafi hukumomi da ƴan kasuwa masu tunanin gina wuraren shaƙatawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Filin Puy du Fou na jihar Vendée ya faro ne a 1978 da wasan dare wanda mutanen ƙauyukan yankin ke yi kyauta game da tarihinsu, ga shi yau yana cikin waɗanda suka fi baƙi a Faransa, kuma babu jirgin lilo ko ɗaya a cikinsa. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, da namun dajinsa, da masu sana'ar hannu, da ƙasusuwan dabbobin da can da aka tono a hamada, yakan cika da yara ranar salla ba tare da an aro ɓeran kowa ba.

Wanda ya yanke shawarar zuwa Astérix ya kiyaye abu ɗaya: ba kullum yake buɗe ba. Lokacinsa daga watan Afrilu ne zuwa farkon Nuwamba, sai kuma ƴan makonni a ƙarshen shekara, kuma ko cikin wannan lokaci akwai ranakun tsakiyar mako da yake rufe idan makarantu suna aiki. A duba ranar tun kafin a kama hanya, a sayi tikiti ta intanet da wuri domin ya fi araha, a kuma guje wa Asabar. Yaron da bai kai shekara uku ba ba ya biyan kome a wurare biyun.