Jinjina ga Mai Shari'a Aloma daga zangon Accra

Mu da ke Nima da Maamobi muna da haƙƙin yin alfahari da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, domin Bakanuwa ce, kuma kakannin da yawa daga cikinmu daga can suka biyo hanyar goro zuwa Ghana. A 1967 ta zama lauya a Najeriya, mace ta farko daga Arewa. A 1977 ta hau kujerar Babbar Kotun Kano, a 1987 ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda ta daɗe tana aiki har 2005 da ta shiga Kotun Ƙoli. A watan Yulin 2012 aka rantsar da ita Alƙalin Alƙalan Najeriya, kujerar da mace ba ta taɓa zama a kai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne Disambar 2008, a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2007. Alƙalai 4 suka tabbatar da zaɓen Umaru Musa 'Yar'adua, 3 suka ce a soke shi saboda takardun jefa ƙuri'a ba su ɗauke da lamba. Tana cikin ukun. Mace ɗaya tilo a zaman, 'yar Arewa, ga shugaba ɗan Katsina a kan mulki, amma ta rubuta abin da ta ga doka ta ce. Allah ya saka miki da alheri, Hajiya.

Sai dai akwai sauran aiki, ranki ya daɗe. Ghana ta yi Mai Shari'a Annie Jiagge, ta yi Georgina Wood wadda ta shugabanci Kotun Ƙoli daga 2007 zuwa 2017, amma 'yar zango ba ta cika jin cewa wannan hanyar tata ce ba. Makarantar Lauyoyi ta Ghana tana nan Makola, a tsakiyar kasuwa. Kullum 'yan matanmu na wucewa ta ƙofarta da kwanon kaya a ka, suna kauce wa ɗalibai masu baƙaƙen kwat. Wannan yana ci mini rai. Sakandare ta zama kyauta tun 2017, amma har yau ana cire yarinya mai ƙwaƙwalwa don talla ko aure.

Tun da kika yi ritaya a 2014 muke jiran labarinki daga bakinki. Ki rubuta shi da Hausa: yadda aka bar yarinya ta tafi karatu Zariya da Wusasa, ta haye Ingila, da abin da kika haɗiye a hanya. Ki zo ki faɗa wa iyaye mata a makarantun Islamiyya na Nima. Limamai da sarakunan zango kuma su shirya zaman, su tara kuɗin karatun yarinyar farko da ta ci jarrabawar shiga Makola.