Jama'ar Yobe, Jirgin Kaya Ba Ya Sauka Inda Babu Kaya

Ya ku jama'ar Yobe, filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Damaturu namu ne. Gwamna Ibrahim Gaidam ya fara aikin a 2017, Gwamna Mai Mala Buni ya kammala, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe shi a watan Janairun 2023. Da dukiyar jiha aka gina shi, wato da kuɗin mai sayar da ƙosai da na manomin Machina. Don ɗaukar kaya aka yi shi. To, ina kayan?

Muna da su, wallahi. Je ka kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ke cikin manya a Afirka ta Yamma, ka tsaya inda ake lodi. Za ka ga an cusa bijimai a tirela, ƙaho na gugar ƙaho, yaran mota na zaune a saman katako, an nufi Legas. Kwana da kwanaki suna hanya cikin rana da ƙishirwa. Sa ya isa a rame, wani ma sai an yanka shi a bakin titi kafin ya mutu. Asarar nan a kan makiyayi da ɗan kasuwarmu take faɗawa. Da a gida ake yanka su a mayanka mai tsabta, likitan dabbobi ya duba ya sa hannu, a sanyaya naman, cikin sa'o'i kaɗan jirgi zai kai shi Legas ko Jidda, fata da ƙashi da aikin yi kuma su zauna a nan.

Kada mu ruɗi kanmu: riɗi da ƙaro kaya ne masu nauyi, yawanci jirgin ruwa ke ɗaukarsu. Abin da ke biyan kuɗin jirgin sama shi ne mai tsada ko mai saurin lalacewa: nama, kifin Gashuwa, kilishi, kayan lambun fadama.

Kakanninmu sun san jirgi kaya yake bi. Da layin dogo ya iso Nguru a 1930, ba su tsaya kallon jirgi ba. Sun tara gyaɗa da fatu da busasshen nama, garin ya bunƙasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fatake da dillalan Potiskum, ku haɗa jari ku kafa ƙungiya guda da za ta iya cika jirgi. Mahauta, ku nemi horo kan ƙa'idojin fitar da nama waje. Matasanmu masu digiri, ku koyi aikin kwastan da shirya takardun kaya, kada a ɗauko wasu daga nesa su yi mana. Ku kuma 'yan majalisar jiha, ku tambayi gwamnati a zauren majalisa: ina mayanka ta zamani, ina ɗakin sanyi, ina wutar da ba ta ɗaukewa?

Kai mai karatu, idan ɗan majalisarka ya zo gida, yi masa wannan tambayar ido da ido, kuma kada ka bar shi ya tashi bai ba ka rana ba.