Habbatus sauda da ƴaƴan zogale: mi za mu ce wa mai saye?

Ƴan uwa ƴan kasuwa, labari ya iso rumfunanmu cewa masu bincike sun ga habbatus sauda da ƴaƴan zogale suna kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari maganin likita. Har wasunmu sun fara yi wa kwalbar mai kirari: wai ta fi allura.

Labarin yana da tushe. Cikin habbatus sauda akwai wani sinadari, timokinon, wanda aka ga yana hana ƙwayar istafilokok yaɗuwa, har irin wadda ta daina jin magani. Garin ƴaƴan zogale kuwa yana kwantar da laka a ruwan tabki, ya tafi ƙasa da ƙwayoyi masu yawa. Amma ina aka ga aikin timokinon ɗin? Galibi cikin ɗan faranti ne, a ɗakin gwaji, da sinadarin da aka tace aka auna. Faranti ba shi da hanta, ba shi da ƙoda. Cokali nawa za a ba yaron da haƙarƙarinsa ke faɗawa, na kwana nawa? Ba mai rumfar da ya sani.

Ciwon kuma namu ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da ba su jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne a kan gaba. A Maraɗi ma, wani bincike na 2011 ya samu irin waɗannan ƙwayoyi a hanjin kusan yaro ɗaya cikin uku masu tamowa, tun ranar da aka kwantar da su.

Wa ya koya wa ƙwayoyin taurin kai? Mu faɗi gaskiya, da hannunmu a ciki. Mai tire ya yini da amoksisilin cikin rana, ya ɓalle maka biyu gwargwadon kuɗinka. Ka sha, zazzaɓi ya lafa, ka bari. Raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu ƙarfin sun haihu.

Mu sayar da habbatus saudarmu, kaya ne mai daraja: tsabtatacciya, busasshiya, ba gauraye. Amma in uwa ta tsaya gabanki, Hajiya, goyonta jiki zafi rau, numfashi sama-sama, ki rufe kwalbar ki nuna mata hanyar asibiti.